Yadda ake auna filash foyin na mai da sinadarai, da yadda za ka yi aiki da lambar a zafin Bauchi da Gombe

Duk wani abu mai ruwa-ruwa da ke cin wuta, fetur ne ko kananzir ko gas (wato dizal) ko tinan masu fenti, tururin da ke tashi daga samansa ne yake kamawa, shi ruwan yana ƙasa yana ta ciyar da tururin ne kawai. To shi kuma tururin nan yawansa ya danganta da zafi, in man yana da sanyi kaɗan ne yake tashi, ko ka kawo ashana ba abin da zai faru, in ya ɗumama sai ya ƙaru, ya yi ta ƙaruwa har ya kai wani mataki da in ya gauraya da iska aka kawo masa wuta zai yi fau ya haska ya mutu. Wannan zafin mafi ƙanƙanta da hakan ke faruwa shi ne filash foyin, kuma shi ne lamba ta farko da duk mai hankali yake nema kafin ya ajiye wani sinadari a sito ko ya loda shi a mota. In ka ƙara zafin gaba kaɗan wutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da ci na aƙalla daƙiƙa 5, wannan kuma wata lamba ce daban, kar a haɗa su. Haka nan akwai zafin da mai yake kamawa da kansa ba tare da an kawo masa wuta ba, shi ma daban yake, yana can sama da digiri 200 na ma'aunin Celsius ga fetur da gas.

Bari in kawo lambobi don a gane inda na dosa. Fetur nasa yana wajen digiri 43 ƙasa da sifili, wato ko a cikin firiza ka saka shi a shirye yake ya kama. Asiton, wanda mata ke goge jan farce da shi, wajen 20 ƙasa da sifili. Itanol zalla wajen 13, metanol wajen 11 ko 12, toluwin da ke cikin tina da yawa wajen 4. Kananzir irin na jirgin sama, Jet A-1, ƙa'ida ita ce kar ya gaza 38. Gas na mota ƙa'idar Amurka ta ce kar ya gaza 52, ta Turai ta ce ya haura 55. Man taransifoma sabo ana so ya kai 135, baƙin mai na inji yakan wuce 200. Yanzu ka ɗauki 38 ɗin nan na kananzir ka ajiye kusa da zafin da ake yi a Gombe ko Azare ko Alkaleri a watan Maris da Afrilu, inda rana tsaka ake taɓa 40 a inuwa, ballantana cikin shagon kwano ko kwantena da aka kulle tun safe. Ka ga kenan abin da a Turai ake ɗauka man da sai an ɗumama shi kafin ya zama haɗari, mu nan rana ta riga ta ɗumama mana shi kyauta. Shi ya sa nake ganin lambar nan ta fi mana muhimmanci fiye da su, kuma digiri biyu ko uku da wani zai ce ba komai ba ne, a wajenmu komai ne.

Matsalar da ta fi yawa a yankinmu gauraye ne. Tanka ta ɗauko fetur jiya, yau aka zuba mata gas ko kananzir ba a tsiyaye ta sosai ba, ko jarka ɗaya da mazurari ɗaya ɗan bumburutu yake aiki da su wa komai, ko kuma wani marar tsoron Allah ya surka da gangan saboda bambancin farashi. Fetur kaɗan ake buƙata, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ya isa ya zaftare wa gas digiri masu yawa, kuma ido ba zai gani ba, ko ma'aunin kaurin mai da ake tsomawa a gidajen mai ba lallai ya nuna ba. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba game da kananzir mai fashewa. Sararin da ke saman fetur zalla a cikin rufaffen tanki tururi ya yi masa yawa, iska ba ta isa ba, don fetur yana ci ne kawai in tururinsa yana tsakanin kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska. Sararin da ke saman kananzir mai kyau kuma in ba zafi tururin ya yi kaɗan. Amma in an gauraya su sai a faɗa daidai tsakiya, inda tururi da iska suka yi daidai wa daida, shi ne za ka ji baiwar Allah ta zo ƙara wa fitila ko risho mai, wutar ta bi ta shiga cikin tankin ko galan ɗin da ke hannunta ya tashi da ita. Gwajin filash shi ne yake kama irin wannan tun kafin ya isa gidan mutane.

Kafin in shiga yadda ake yi, don Allah ɗan uwa kar ka zuba mai a murfin gwangwani ka kyasta ashana ka ce gwaji kake. Na san ana yi, har a ce ai in bai kama ba kananzir ne mai kyau. Wannan ba ya ba ka lamba, a buɗaɗɗen murfi iska tana kwashe tururin fetur ɗin da kake nema kafin ashanar ta iso, sai ya nuna maka lafiya alhali a cikin rufaffen tankin risho ba lafiya ba, in kuma ya kama to hannunka da jarkar da ke gefenka suna wajen. Aikin nan na ɗakin gwaji ne, da na'urarsa, da wanda aka koya wa.

Na'urorin kashi biyu ne, masu rufaffen kofi da masu buɗaɗɗen kofi. Don tantance haɗari rufaffen ake so, saboda yana tsare tururin kamar yadda duro ko tanki yake tsarewa, kuma lambarsa takan fi ta buɗaɗɗen ƙasa da wasu digiri, ita ce ta fi kusa da gaskiyar abin da zai faru a sito. Wadda aka fi samu a lab-lab ɗinmu ita ce Pensky-Martens, ƙa'idarta, wato rubutacciyar hanyar gwajin da ake bi da ita, ASTM D93 ce ko ISO 2719, tana aiki daga digiri 40 zuwa wajen 370, ita ce ta gas da baƙin mai da man taransifoma. In abin da za ka auna kana zaton yana ƙasa da 40, irin tina ko kananzir da ake zargi, to Abel za ka nema, wadda take sauka har 30 ƙasa da sifili, ko Tag mai ƙa'idar ASTM D56. Ita Abel sunan wani masanin sinadarai ne na Ingila, Frederick Abel, tun 1879 dokar man fetur ta ƙasarsu ta karɓi na'urarsa, dalilin kuwa shi ne irin matsalarmu ta yau, fitilun kananzir suna ta fashewa a gidaje. Akwai kuma 'yar ƙarama da ake kira Setaflash wadda mililita 2 kawai take ci, ni ita nake fi so a fara da ita in ba a san ko mene ne a kwalbar ba, don in ma ya kama abin kaɗan ne. Cleveland mai buɗaɗɗen kofi, ASTM D92, ta mayukan inji ce masu filash sama da 79, ba da ita za ka yanke hukunci kan kananzir ba. Fetur kuwa ko abin da warinsa ya nuna fetur ne ƙarara, kar ma ka kai shi kusa da Pensky-Martens, ba abin da za ka koya sai gobara.

Yawancin sakamakon ƙarya tun wajen ɗibar samfur ake yin sa, kafin ma a iso lab, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. Abin da kake nema ka kama shi ne ɓangaren da ya fi saurin tashi, kuma shi ne yake fara guduwa da zarar ka ba shi hanya. In ka ɗebo gas a robar ruwan sha ka jefa a but ɗin mota daga Gombe zuwa Bauchi da rana tsaka, kilomita ɗari da wani abu, kafin ka iso fetur ɗin da ke ciki ya tsere ta jikin robar da bakin murfin, lab za su auna su ba ka lamba mai kyau, takarda ta ce lafiya, man da ke tankin kuma yana nan yadda yake. Don haka kwalbar gilashi mai murfi mai kamawa sosai ko gwangwanin ƙarfe mai tsafta za ka samu, busasshe, wanda ba a taɓa zuba wani abu a ciki ba. Ka cika shi fiye da rabi amma kar ya wuce kashi 85 cikin ɗari, in sararin sama ya yi yawa tururin zai taru a can ya fice ranar da aka buɗe, in kuma ka cika taf zafi zai kumbura shi ya yi yoyo. Ka rufe nan take, ka rubuta daga ina, wane tanki, yaushe, ƙarfe nawa, wa ya ɗiba. Ƙa'idar ta ce a guji ajiye samfur a zafin da ya wuce 35, wanda a garinmu yana nufin kula da ƙanƙara, ba aljihun mashin ba. In tanki babba ne ko tanka ce mai ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki samfurinsa daban, kuma kar ka tsaya a na bakin famfo kawai, ka ɗebo sama da tsakiya da ƙasa. Mililita 75 ake buƙata a gwaji ɗaya na Pensky-Martens, amma ka kawo rabin lita ko fiye, don za a maimaita kuma ba a maimaitawa da wanda aka riga aka ɗumama.

A lab ɗin, ka kafa na'urar a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza kuma a miƙe yake, inda iska ba ta kaɗawa. Kashe fanka, rufe taga musamman lokacin hunturu, in kana aiki a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ka rage jansa sosai, don iska tana sace tururin daidai lokacin da ka buɗe 'yar ƙofar da ke jikin murfin kofin. Na san za a sha zafi, a daure, minti ashirin ne ko talatin. Hasken ɗakin ma a rage shi kaɗan don ka iya ganin walƙiyar. Rigar lab ta auduga, tabarau na kariya, safar hannu, abin kashe gobara mai hoda ko mai kumfa ko na iskar CO2 a kusa da ƙofa inda hannu zai kai, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi. Babbar kwalbar samfur a rufe ta a kai ta nesa da teburin kafin a kunna komai, kuma kar ka yi aikin kai kaɗai a ɗaki. In wutar NEPA ba tabbas a tayar da janareto tun farko, don in aka ɗauke ana tsakiyar ɗumamawa gwajin ya lalace, sai an sake da sabon samfur.

Wanke kofin, shi kofin tagulla ne mai layi a ciki, da murfinsa da maburginsa. Akan wanke da toluwin ko asiton, to a nan ma akwai tarko, ɗigon asiton ɗaya da ya maƙale a murfi zai sa gas mai kyau ya faɗi gwaji, don haka a busar sosai har sai ba wari ko kaɗan. Samfur da kofin duka su kasance aƙalla digiri 18 ƙasa da inda kake zaton filash ɗin yake kafin ka buɗe kwalbar. Misali kana zaton 60, to kar su wuce 42, in kuma kana zaton 52 ne kar su wuce 34, wanda a watan Afrilu sai ka haɗa da firij. Juya kwalbar a hankali don ya gauraya, ba girgizawa ba, sannan ka zuba daidai layin, kar ya gaza kar ya wuce, don girman sararin da ke sama yana cikin lissafin. In ya wuce ka zuƙe da sirinji. In ka ga ruwa kwance a ƙasan samfur ka raba shi tukuna, ruwa yana hana walƙiya fitowa daidai kuma in zafi ya kusa 100 zai sa man ya yi kumfa ya yi ambaliya. Ɗora murfin, ka tabbatar ya zauna daram, saka tamomita a raminsa, ka duba baromita, wato na'urar auna matsin iska, ka rubuta matsin iska na wannan lokacin, zan dawo kan dalili.

Sai ka kunna ɗan harshen wutar gwaji ka daidaita shi ya zama tsakanin milimita 3.2 zuwa 4.8, kamar ƙwayar dawa dai, yawancin na'urori akwai ɗan dunƙulen ƙarfe a jiki da za ka gwada girman da shi. In ya fi haka girma zai ɗumama tururin ya ba ka lamba ƙasa da gaskiya. Sababbin na'urori waya ce mai yin ja da lantarki a madadin wutar iskar gas, aikin ɗaya ne.

Yanzu ɗumamawa. Ga gas da kananzir da sabon man inji hanyar da ƙa'idar ta kira A ake bi, zafi ya riƙa hawa digiri 5 zuwa 6 a minti ɗaya, maburgi yana juyawa sau 90 zuwa 120 a minti. Ga mai kauri irin baƙin man masana'anta ko man da aka riga aka yi aiki da shi hanyar B ce, a hankali sosai, digiri 1 zuwa 1.6 a minti, maburgi sau 250. Ka riƙe agogo a hannu ka riƙa duba tamomita, in ka ga yana gudu ka rage. Gaggawa a nan ita ce babbar matsalar ɗalibai masu zuwa aitii, a murɗa wuta sama don a gama a tafi, alhali tururin yana buƙatar lokaci ya daidaita da zafin ruwan, in ka yi gudu tamomita da tururin ba sa tafiya tare, lambar da ka rubuta ta wani abu ce daban.

Idan zafi ya kai digiri 23 ƙasa da inda kake zato, da sassaucin 5 sama ko ƙasa, sai a fara tsoma wuta. Tsayar da maburgi tukuna, murɗa mariƙin, 'yar ƙofar murfin za ta buɗe harshen wutar ya sauka cikin rabin daƙiƙa, ya tsaya daƙiƙa ɗaya a ciki, ka sake shi ya koma sama da sauri, sannan ka mayar da maburgin. Haka za ka yi ta yi duk digiri 1 in filash ɗin da kake zato bai wuce 110 ba, in ya wuce duk digiri 2. Fuskarka a gefe, kar ka leƙa ta saman kofin kai tsaye. In ba ka da wani zato sam game da samfurin, a sanyaya shi da kofin zuwa wajen digiri 15 a fara gwadawa tun daga ƙasa, wannan zagayen na neman hanya ne kawai, in ya nuna maka wajen da abin yake sai ka zubar ka sake na gaskiya da sabon samfur.

Gane walƙiyar kanta sai ido ya saba. Kafin a kai wajen, za ka ga harshen wutar ya ɗan ƙara girma in ya shiga, ko wani shuɗin zobe ya kewaye shi, sabon hannu yakan yi ihu ya ce ga shi nan, to ba shi ba ne, alama ce dai an kusa. Ta gaskiyar wuta ce da take bazuwa lokaci ɗaya a kan fuskar man gaba ɗaya cikin kofin, shuɗiya, wani lokaci da 'yar ƙara fuf, ta mutu nan take, sau da yawa har takan kashe harshen gwajin. Abin da tamomita ya nuna a daidai wannan tsomawar shi za ka rubuta, ba bayan ka gama murna ba. Sannan ka duba ko gwajin ya karɓu. In tun tsomawar farko ya haska, lambar ba ta da amfani, abin da kawai ka sani shi ne filash ɗin yana ƙasa da nan, kuma wannan kansa labari ne mai tayar da hankali in gas aka ce maka, sai ka sake da sabon samfur ka faro daga ƙasa sosai ko ka koma Abel. Ana so tazarar da ke tsakanin tsomawar farko da walƙiyar ta kasance digiri 18 zuwa 28. In ta gaza ko ta wuce, lambar kusan-kusan ce, ka ɗauke ta a matsayin sabon zato ka maimaita. Dalilin shi ne duk buɗe ƙofar da ka yi tururi yana fita, in ka buɗe sau arba'in kafin ka iso ka riga ka canza man da kake aunawa.

Ga maganar baromita. Duk lambobin da ke cikin littattafai an yi su ne a matsin iska na bakin teku, 101.3 kPa (ma'aunin matsin iska kenan). Garin Bauchi yana sama da teku da wajen mita 600, iska ta fi sauƙi, tururi yana fita da wuri, don haka na'urarka za ta haska kafin lokacin da za ta haska a Legas. Gyaran ba wuya, ka cire matsin da ka karanta daga 101.3, ka ninka da 0.25, ka ƙara a kan lambarka. A ce ka ga walƙiya a 58 kuma baromita ya nuna 94.5, bambancin 6.8 ne, sau 0.25 ya ba da 1.7, jimla 59.7, sai a kai shi rabin digiri mafi kusa a rubuta 59.5. Kar ka ɗauki matsin iska daga manhajar yanayi ta waya ko rahoton filin jirgi, waɗannan an riga an mayar da su lissafin bakin teku, za su nuna maka wajen 101 kullum kamar ba abin gyarawa. Kuma ka lura da abin da gyaran nan yake nufi a aikace: lambar da aka gyara ta takarda ce, don a kwatanta da ƙa'ida, amma duron da ke sitonka a Bauchi a 58 ɗin zai kama, ba 59.5 ba.

Ka bar kofin ya huce sosai kafin ka buɗe, ka zuba ragowar a gwangwanin sharar mai, ba a kwata ko sink ba, ka wanke ka maimaita. Ga gas mai filash wajen 60, gwaji biyu na mutum ɗaya a na'ura ɗaya bai kamata su bambanta da fiye da kusan digiri 2 ba, tsakanin lab biyu kuma har wajen 4 ana iya samu ba tare da wani ya yi kuskure ba, don haka in lab ɗin Kaduna ya ce 61 naka ya ce 59 ba abin faɗa ba ne. Ita ma na'urar lokaci-lokaci a gwada ta da sinadarin da aka san lambarsa, irin dikan zalla da ke bayar da wajen 53, in ta kauce a duba tamomita da 'yar ƙofar da girman harshen wuta. A rahoto kar ka rubuta lamba tsirara, ka sa hanyar da aka bi da harafinta, da matsin iska, da ranar, don 60 na buɗaɗɗen kofi da 60 na rufaffe ba abu ɗaya ba ne.

To ka samu lamba, me za ka yi da ita? Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai, GHS, ya kasa su huɗu. Mai filash ƙasa da 23 kuma yana tafasa a 35 ko ƙasa shi ne rukuni na 1, mafi haɗari. Ƙasa da 23 amma tafasarsa ta haura 35 rukuni na 2. Daga 23 zuwa 60 rukuni na 3, sama da 60 zuwa 93 rukuni na 4. A dokar sufuri duk abin da bai wuce 60 ba yana aji na 3, shi ne jan tambarin nan mai hoton wuta da kake gani a bayan tankoki. In sinadarin na kamfani ne ka nemi takardar bayanan tsaronsa, SDS, ka buɗe sashe na 9 za ka ga filash ɗin da suka rubuta, ka kwatanta da naka, in naka ya yi ƙasa sosai to an surka ko an canza maka kaya. Amma ni shawarata kar ka tsaya a rukuni. Ka rataya tamomita a cikin siton naka, kusa da rufi da kuma jikin duro, ka duba da ƙarfe biyu zuwa uku na rana a watan da ya fi zafi, ka kwatanta da lambar. Masu harkar tsaron masana'antu sukan bar tazarar wajen digiri 15 ga gauraye irin man fetur da danginsa, wato in filash 55 ne kuma sitonka yana kai 45, ka ɗauke shi kamar mai kamawa yanzu-yanzu: tagogin shan iska sama da ƙasa, ba soket ko makunnin fitila mai tartsatsi, ba walda, ba janareto a ciki, a haɗa duro da tanki da wayar ƙasa lokacin juye mai musamman a hunturu da iska ta bushe jiki ke tara lantarki.

Akwai inda lambar ba ta kare ka, wajibi a faɗa. Gas da ke fesowa ta ƙaramin tsagin tiyo ya zama feshi yana kamawa ko da sanyi ne, haka tsumma ko buhu ko ƙasa da ta jiƙe da kananzir, don lagwani ne ya samu, da haka fitila take ci ai. Wasu sinadaran masu kulorin ba sa nuna walƙiya a kofi amma tururinsu yana ci in ya samu wuta mai ƙarfi, don haka rashin walƙiya ba ya nufin ruwan sha ne. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, yana bin ƙasa da kwata ya yi nisa ya je ya samo wuta ya dawo da ita, kuma duk wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tanka ta faɗi mutane suka taru ɗibar mai fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ya san nisan da yake kaiwa.

Ga masu gidan mai da masu saro gas na injin niƙa ko asibiti ko gona, ba sai kun sayi na'ura ba. Ku nemi takardar ingancin kaya daga daffo duk lodin da ya zo, ku duba layin filash, ku ɗebi samfur biyu a gaban direba kafin a sauke, ɗaya a kai lab ɗaya a ajiye a rufe a wuri mai sanyi saboda ranar gardama. Ku tambaya a sassan koyar da injiniyan sinadarai da na man fetur, irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, su nuna muku inda ake yi. In sakamako ya dawo ƙasa da ƙa'ida, a rufe tankin a sa masa alama, kar a sayar ko lita ɗaya, kar kuma a ce bari a ƙara mai kyau a kai ya narke a ciki, a sanar da hukumar NMDPRA mai sa ido kan rarraba mai da sayar da shi, da wanda ya kawo kayan, a kai musu samfur na biyun da aka ajiye tare da kwafin rahoton lab.